Harafin 陶 da kurakuran da na tafka a kansa

Ƙannena masu koyon Sinanci, shekarata ta farko hadda kawai na yi. In kalli harafi, in cusa sautinsa a ka, in wuce. Da na zo kan 陶 aka ce mini táo ake karanta shi, da murya mai hawa, kuma yana nufin kayan yumɓu da aka gasa, irin su tukunya da tulu da kasko. Na rubuta na rufe littafi, a ganina na gama da shi.

Wata rana malamarmu ta ba ni wani shafi in karanta a gaban aji, na ci karo da sunan 皋陶, alƙalin Sarki Shun a labaran Sinawa na dauri. Na ce "Gao Tao". Ta tsayar da ni ta ce Gao Yao ne. Ashe harafin yana da karatu na biyu, yáo, wanda da wuya ka ji shi in ba a wannan suna ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don da na koma ɗaki na tarar yana nan cikin ƙamusuna, a layi na biyu. Ni ne ban taɓa sauke ido zuwa can ba. Ku riƙa karanta bayanin ƙamus har ƙarshensa.

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai. A jarrabawa zan rubuta 陶瓷, wato kayan yumɓu da na tangaran, sai na rubuta 淘 a maimakon 陶. Sautinsu ɗaya, amma wannan ɗigon ruwa uku ne a hagunsa, ma'anarsa wanke shinkafa ko rairaya, shi ne a sunan Taobao, kasuwar intanet ta Sin. Da na san yadda aka gina harafin, da hakan ba ta faru ba.

Ku dubi 陶 da kyau. A dama akwai 匋, cikinsa kuma 缶, tulun ƙasa. Wannan 匋 shi ne ainihin harafin tukwane, kuma shi ke ba da sauti ga danginsa: 淘 mai ruwa, 掏 mai hannu da ke nufin zaro abu, 萄 mai ciyawa a ka da ke cikin sunan inabi. A hagu akwai 阝, wanda in ya zo ta wannan gefe tudu yake nufi. Ƙamusun Shuowen Jiezi da Xu Shen ya kammala wajen shekara ta 100 ya fassara 陶 da tudu mai hawa biyu. Daga baya ne ya gaji aikin 匋. Ni dai na riƙe shi da tuna matoya irin wadda maginan tukwane na Sin ke shimfiɗawa a gangaren tudu, tun daga nan bai sake ɓace mini ba.

Kada kuma ku koye shi shi kaɗai. A cikin 陶冶 ya koma batun tarbiyya, a murza halin mutum kamar yadda ake murza yumɓu, a 陶醉 kuwa nutsewa ne cikin jin daɗi. Sunan dangi ne ma, na mawaƙi Tao Yuanming da ya rasu a 427. Mutanen Japan suna karanta shi tō ko sue, na Koriya su ce do. Yanzu kowane sabon harafi shafi guda nake ware masa: ɓangarorinsa a sama, danginsa a gefe, kalmomi uku da ya fito a cikinsu a ƙasa.