Godiya ga waɗanda suka zame mini hannun dama

Assalamu alaikum. Jiya da hantsi aka cire mini filastar da ta yi sati shida a hannuna na dama, kuma wannan ne rubutun farko da na yi da yatsuna tun ranar da abin ya faru. Hannun ya rame, fatar ta yi fari-fat tana saɓewa, babban yatsan kuma sai na lallaɓa shi kafin ya yarda ya taɓa harafi. In kun ga kuskure ku yi mini uzuri. Alhamdu lillahi, Allah ne abin godiya tun farko.

Ga waɗanda labarin bai iske ba, ran wata Lahadi ce da la'asar sakaliya. Na fito daga filin wasa, na hau kabu-kabu zan koma ɗakinmu a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maradi, waya a hannu ina ta rubuta sakamakon wasa don kada wani ya riga ni. Akuya ta gitta, mai babur ya taka birki, ni kuwa da ban riƙe komai ba sai waya, sai ga ni a sama. Na tare ƙasa da hannun dama, na ji ƙas. Wayar ta yi kwatsa-kwatsa. Ina so a ji wannan da kyau, domin na ji ana ta zagin yaron a gari: laifina ne, shi ba ruwansa. Bai gudu ba. Shi ya tsayar da adaidaita, ya raka ni gidan likita, ya zauna har aka ɗauki hoton hannun, har bayan isha. Da yayana ya miƙa masa jika biyu, cewa ya yi ai ba ciniki ya zo yi ba. Ɗan'uwa, Allah Ya tsare maka babur ɗinka, Ya sa ka sayi naka na kanka. Shi kuwa bawan Allahn da ya ga mutum kwance a ƙasa ya ciro waya yana ɗaukar hoto, na yafe masa, amma hoton ya riga ni isa wurin mahaifiyata a Tibiri, kuma ta kwana ba ta runtsa ba.

Inna, na gode. Tun ina koleji kike cewa wannan balo sai ya ga bayana. Kin zo da asuba da kwanon fura da tsumman ɗaure wuya, kika dube ni kika ce, "To, mi ka samu cikin wanga abu?" Ban da amsa a ranar. Amma ke ce kuma, da kika ga na yi jugum kwana uku, kika ce wa Yaya ta ba ni aron wayarta kada ciwon zuci ya fi na hannu. Yaya, wayarki na nan lafiya. Baba, kuɗin magani da ka biya ba tare da ka ce uffan ba ya fi mini faɗa zafi.

Sai abokin ɗakina. Jama'a, duk abin da kuka karanta a shafina cikin sati shidan nan, ni na faɗa da baki, shi ya buga. Matsalar ɗaya ce: ni ɗan Barsa ne tun ina yaro, shi kuma ɗan Madrid ne na gani-kashe-ni. Sai mu zauna bisa tabarma bayan magariba, shayi na tafasa a kan gawayi, ni ina faɗa, shi yana latsawa yana tsaki. In na ce "Barsa ta taka leda mai kyau", sai ya ɗago kai ya ce, "Wallahi hannuna ba ya iya rubuta ƙarya." Rannan sai da safe na gane ya ƙara layi guda a ƙarshen sharhina, yana tuna wa mutane ci 8 da 2 da Bayern ta yi mana a 2020. Mutane suka yi ta yaba mini wai na iya faɗin gaskiya ko a kan ƙungiyata. To yau na tona: ba ni ba ne. Duk da haka, mutumin nan shi ke ɗaura mini igiyar takalmi, shi ke wanke mini kaya, shi ya yi ta kwafe mini darasi alhali nasa karatun na jiransa. Abokina, Allah Ya biya ka. Ƙungiyarka kuwa ba zan yi mata addu'a ba.

Na gode wa ƴan ajinmu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da suka yi karo-karo, da malamin da ya yarda na kare aikina da baki tunda alƙalami ya gagara, da ƴan fadarmu da suka mai da ɗakinmu wurin hira har maƙwabta suka fara ƙorafi.

Mai gidan kallon unguwarmu shi ma yana da kaso. A bencinsa na kamu da wannan ciwo na son balo, daren da Barsa ta ci PSG 6 da 1 a watan Maris na 2017. Da Sergi Roberto ya zura ta ƙarshe, sai da muka karya masa benci biyu, ya kore mu, washegari kuma ya karɓi dala ashirin ɗinmu kamar ba a yi ba. Da ya ji na karye, sai ya ware mini kujerar roba a gefe inda ba mai bangaje ni, ya kuma hana a karɓi kuɗina.

Akwai dattijo guda da nake so in daɗe a kansa, domin ba don shi ba da ban je filin wasan ba ma, balle in faɗo daga babur. Tela ne a kasuwa, ba ya son a ambaci sunansa. Lokacin da na fara rubutu a shekarata ta farko a jami'a, abin da nake yi kawai shi ne in saurari masu sharhin Canal+ da Faransanci, in juye da Hausa, in sa sunana. Na ɗauka ni wani ne. A farkon 2023, da Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ta fitar da Gana da ci 2 da nema a gasar CHAN, ta ƴan wasan Afirka masu buga wasa a gida, da aka yi a Aljeriya, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, sai na yi dogon rubutu a kan tarihin ƙungiyar ƙasa. A ciki na ce wai da ratar ƙwallaye Nijar ta samu zuwa kofin Afirka na 2012. Jikansa ya karanta masa. Ya aiko a kira ni.

Na same shi yana taka keke, bai ko ɗago ba. "Yaro, kai ne mai rubutun balo? Shekarunka nawa a 2011?" Na ce takwas, Baba. Ya ce shi ya sa. Ya ɗauki allin da yake zana yadi, ya zana mini rukunin a kan tebur. Nijar, Afirka ta Kudu da Saliyo kowa maki 9. Mena ta ci wasanninta uku na Yamai, har da 1 da nema da Musa Ma'azu ya ci Masar mai riƙe da kofi, ta kuma sha kashi a ukun waje. In da ratar ƙwallaye ake bi, Afirka ta Kudu ce ta wuce, shi ya sa ma suka yi kunnen doki da Saliyo suka hau rawa a fili suna murna. Ashe doka ta ce a duba wasannin da ƙungiyoyin uku suka yi a tsakaninsu, a nan kuwa mu ke da 6, su 5 da 5. Ya goge allin da tafin hannu ya ce, "Messi bai san da zamanka ba, masu rubuta nashi sun ishe shi. Ƙungiyar Jangorzo ta garin ga ta ɗauki kofin ƙasa a 1983. Wa ya rubuta?"

Kunya ta hana ni barci. Na goge rubutun, na nemi afuwa, daga ranar kuma na fara zuwa fili da kaina, ina tsayawa a rana ina tambayar sunan kowane yaro da unguwarsu. Masu karatuna suka ragu, gaskiya, domin labarin ƙungiyar Ɗan Kasawa ta Maradi ba ya jan jama'a kamar na Turai. Amma waɗanda suka rage su ne suka neme ni da na kwanta. Daga Damagaram, daga Katsina, har ƴan'uwanmu masu neman kuɗi a Aljeriya, wani ya turo kati, wani ya kira ya ce shi dai ya ji muryata. Na gode muku ɗaya bayan ɗaya.

Baba tela ya zo duba ni sau biyu, da ledar dabino. Zuwan farko bai yi maganar hannu ba sam, labarin Kantu ya yi ta ba ni, yadda ya kawo wa Maradi takobin farko na kokowa daga Tawa a 1975, abokin ɗakina na gefe yana rubutawa a bayan takardar darasi. Zuwa na biyu ya kawo mini ƴar jaka da ya ɗinka da ragowar yadi, mai igiyar ratayawa a wuya, ya ce waya ta zauna ciki har in sauka daga babur. Baba, Allah Ya ƙara girma, Ya ja kwana.

Likita ya ce in riƙa matsa ƙwallon roba safe da yamma, kada in ɗauki abu mai nauyi har wata guda. Labarin Kantu zai fito ran Juma'a in Allah Ya so, bayan na kai wa Baba tela ya saurara ya gyara. Wanda ke da tsofaffin hotunan Jangorzo ajiye a gida, don Allah ya yi mini magana, zan zo da kaina in ɗauka a waya in bar masa abinsa. Yaya kuma ta ce ran Asabar take son wayarta.