Ƙannena masu shiga aikin ofis, ku ji abin da ya same ni

Shekara shida na yi a wani babban ofishin lauyoyi a nan Katsina, a sashen kula da ma'aikata. Ni ba lauya ba ne. Aikina fayil ne: takardun ɗaukar aiki, hutu, albashi, fansho, da tarbar masu yi wa ƙasa hidima da ake turo mana. Na ɗauka ajiye takarda ne kawai, kuma raina aikin nan shi ya kai ni ga kuskure.

Muna da direba, dattijo, kowa Baba yake ce masa. Da aka ɗauke shi bai zo da lambar asusunsa na fansho ba. Na ce, "Baba, gobe ka kawo," na yi 'yar alama da fensir a gefen sunansa, na manta. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, ofis ya ƙara kashi 10, a tura cikin kwana 7 na aiki bayan an biya albashi. Ana ta cire wa Baba nasa, ba a turawa ko'ina. Har wata tara.

Wata Litinin ya zo ya tsaya gaban teburina, ya miƙo mini 'yar wayarsa mai fasasshen gilashi. Ya ce, "Ɗana, abokan aikina saƙo yana shigo musu duk wata, ni shiru. Ba na zargin kowa, duba mini kawai." Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. An tura kuɗinsa daga baya, shugaban ofis ya ba ni takardar gargaɗi, amma kunyar Baba ta fi takardar zafi.

Kuskurena na biyu kuma sakin baki ne. A majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura na ambaci cewa wani matashin lauya ya nemi a ba shi albashinsa kafin wata ya ƙare. Ashe surukinsa na zaune a wurin. Katsina ce, kowa ɗan'uwan wani ne. Mutumin nan ya daina haɗa ido da ni. Yanzu ma akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, amma tun kafin doka ai amana ce.

To, ku sayi littafi guda. Duk abin da kuka ce "gobe", ku rubuta shi da kwanan wata. Harajin albashi yana tafiya kafin 10 ga wata mai bi, kuɗin lasisin aikin lauyoyi kafin ƙarshen Maris. Ku riƙa tuna musu tun Janairu. Sabon ma'aikaci kuma kada ku buɗe masa fayil sai takardunsa sun cika, ko da ya haife ku, ku roƙe shi da ladabi ya koma ya kawo. In za ku tashi sallar azahar, ku rufe fayil, ku kulle kabad, makulli a aljihu.