Masu Sayar da Furanni a Bakin Gulbin Yamai

Daga Tawa motarmu ta bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar da ta haura kilomita 500, kuma ban da ƙura da shingayen bincike babu abin da zan ce game da ita. Hidimar auren 'yar yayana ce ta kai ni Yamai, aka kuwa ɗora mini sayen furannin da za a ƙawata wurin walima, wai don ni ne malamin makaranta.

Wani ɗan kabu-kabu ya sauke ni a gefen gulbin Neja wajen unguwar Yantala, ta saman gulbi daga gadar Kennedy wadda aka buɗe a 1970. A nan garake suke jere, latas da kabeji a ciki, masu furanni kuma sun baje kayansu a bakin hanya. Mafi yawan abin da suke sayarwa shuka ce mai rai da saiwarta, an dasa ta cikin baƙar leda ko tukunyar siminti, kama daga furanni masu hawa katanga, jajaye da farare, har zuwa dashen mangwaro da lemu da dogon yaro. Furen da aka yanke aka ɗaure kaɗan ne, kuma dalilin a fili yake: a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, yankakken fure ba ya kwana. Wardi irin wanda Kenya ke aikawa Turai daga gonakin Naivasha sanyin tudu ne ke rainonsa, abin da ba mu da shi.

Dattijon da na tsaya wurinsa ya saurari buƙatata, sannan ya ce, “Malam, in don hoto ne, ka je kasuwa ka sayi na roba, in don ɗakin amarya ne, ɗauki wannan ta dasa a tsakar gida.” Na ce, “Baba, ai ka kori ciniki.” Dariya kawai ya yi.

A hirarmu na fahimci cewa otal-otal da ofisoshi da masu sababbin gidaje su ne manyan masu sayen kayansa, sai Kiristoci a lokutan bukukuwansu. Mu dai ba mu zuwa ta'aziyya da fure, kuma ba a neman aure da shi. Goro da turare da lalle sun riga sun tare waɗannan gurabe, ban kuma ga aibu a cikin hakan ba. Kasuwarsa takan buɗe sosai da damina, musamman gab da ranar 3 ga Agusta, wadda aka daɗe ana dashen itatuwa a cikinta a duk faɗin Nijar.

Wahalar sana'ar tana ga ruwa. Safe da yamma yaransa ke ɗebowa daga gulbi suna bin ledoji ɗaya bayan ɗaya, amma gulbin nan shi ne ya cika ya batse a Satumban 2020, ya shafe garake da gidaje masu yawa a birnin. Wanda ya raini dashe wata da watanni yana iya rasa shi a dare guda.

Na sayi na roba don walima kamar yadda mata suka nema, na ƙara da dashen lemu biyu, waɗanda direban tasi ya ƙi sawa a but sai da na ƙara masa kuɗi.