Dopiyaza: Miyar Kazar Indiya da Albasa Ke Shiga Sau Biyu

Mu nan idan aka ce kori, abin da ke zuwa mana a rai shi ne garin nan mai ruwan ɗorawa da ake barbaɗawa a miya ko dafa-duka. To miyar kazar Indiya da nake yi a gida, ko ƙwayar wannan garin ba ta gani. Turawan Ingila ne suka yayata haɗaɗɗen garin tun lokacin da suke riƙe da Indiya. Uwargida a Delhi ko Haidarabad kuwa, kowane kayan ƙamshi da mazubinsa, kuma kowanne da lokacin shigarsa tukunya.

Sunan miyar dopiyaza, tana cikin girke-girken da ake dangantawa da zamanin sarakunan Mugal da suka mulki Indiya. Albasa ce ƙashin bayanta. Kaso na farko ana soya shi har ya narke ya zama kaurin miya, na biyu yana shiga daga ƙarshe da sauran ƙarfinsa. Ga kaza kilo 1 ina amfani da manyan albasa 4, uku yankan siriri, ɗaya a yanka ta gida huɗu a ɓare ta sala-sala. A nan mun yi dace, domin jar albasarmu ta Aliero ko ta Galmi ta fi kusa da wadda Indiyawa ke girki da ita fiye da farar nan ta Turai mai yawan ruwa. Hawaye kam sai an zubar, babu dabarar da ta taɓa yi mini aiki.

Tun da hantsi nake cuɗa kazar da kindirmo kamar rabin kofi, da gishiri, da kurkur rabin ƙaramin cokali, da jajjagen citta ɗanya da tafarnuwa, in rufe ta ta yi aƙalla awa 1.

Idan na ɗora tukunya mai kaurin gindi, man shanu nake sawa, don shi ne dai abin da suke kira gi. Kayan ƙamshin da ba a daka ba su ke fara shiga cikin mai: ɗan sandan kirfa, kanumfari 4, kadamom 4 da aka ɗan fasa, da kumin cokali ɗaya. Cikin ƙasa da minti ɗaya kumin zai fara tsartsatsi, ƙamshi ya tashi. Kada a wuce nan, in ya ƙone ɗacinsa ba ya fita.

Sai albasa, kuma a nan ne aikin yake. Mun saba mu soya ta ta yi laushi kawai mu juye markaɗe a kai. Wannan miyar ba ta yarda da haka ba. Da farko albasar za ta cika tukunya har ki ce ta yi yawa. Bayan minti 10 ta zube ta koma rabi, tana ƙyalli. Daga nan gefenta ya fara ja, tana ɗan kama gindin tukunya, ke kuma kina kankarewa da cokalin katako. Sai ta kai minti 20 zuwa 25 a matsakaiciyar wuta kafin ta yi launin dabino, ta zama 'yar dunƙule a tsakiyar mai. Zaƙin miyar da duhunta duk daga nan suke fitowa. Ɗan gishiri tun farko yana sa ta saurin sakin ruwa, idan kuma ta nemi ƙonewa, cokali ɗaya na ruwa ya isa ya kwantar da ita. Wadda ta ƙara wuta don sauri za ta samu baƙin gefe da ɗanyen ciki.

Tumatir 2 kacal nake yankawa, don ba miyar dage-dage ake yi ba. Tare da su nake zuba garin koriyanda cokali 2 da garin barkono. Ana ta juyawa har mai ya rabu ya taso a gefe. Wannan suyar suke kira bhuna, kuma ita ke kashe gafin kayan ƙamshi.

Kafin kazar ta shiga ina rage wuta, saboda kindirmo idan ya ji zafi farat ɗaya yakan tsinke ya yi gudaji. Ina juya ta har ruwan nonon ya tsotse, sannan in ƙara ruwan zafi rabin kofi in rufe. Kazar gidan gona minti 20 ta ishe ta. Ta Hausa, wadda ni na fi so, tana neman ninkin haka ko fiye, da ƙarin ruwa kaɗan-kaɗan.

Albasa ta biyu a kasko daban nake soya ta, wuta sosai, minti 2 ko 3, gefenta ya ɗan babbake amma tana garas-garas. Minti 5 kafin saukewa take shiga, tare da garam masala, wato haɗin garin kayan ƙamshi na Indiyawa, rabin cokali da busasshen ganyen hulba da na murje a tafin hannu. Mai neman wannan ƙamshin na gidajen abincin Indiya, a hulbar nan yake.

Dunƙulen ɗanɗano ba na sawa, albasar ta riga ta yi aikinsa. Attarugu ma na cire shi daga lissafi duk da maigida ya so a sa, don ƙamshinsa yana danne kadamom da kirfa. Mai son yaji ya yanka ɗanyen koren barkono a kan nasa. Su can Indiya da irin gurasarsu, roti ko naan, ko kuma shinkafar basmati suke ci. Mu gurasa muke gasawa mu yaga, kuma tana kwasar miyar fiye da shinkafa, musamman washegari da aka ɗumama sauran.