Godiya ga Baba Jakada da mahalarta zaman Nima

Assalamu alaikum. A madadin matasan unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Gana, muna gode wa Allah da aka yi zaman ranar Asabar lafiya, aka tashi lafiya. Godiya ta musamman ga babanmu, tsohon jakada, da ya zauna da mu tun bayan Azahar har aka kira Magariba, ga ciwon gwiwa.

Baba ya shimfiɗa mana hanyar shiga aikin jakadanci dalla-dalla: digiri, hidimar ƙasa ta shekara ɗaya, sannan jarrabawa da ganawa kafin Ma'aikatar Harkokin Waje ta ɗauke ka. Ana farawa daga matakin A5, a yi ta hawa har A1. Mai Faransanci ya fi samun shiga, tunda Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa duk da shi suke aiki. 'Yan makarantar Islamiyya kuma kada ku raina Larabcinku, akwai ofisoshin Gana a Riyad da Jidda. Sai haƙuri: Kofi Annan, ɗan Kumasi, ya shiga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a 1962, bai zama babban sakatarenta ba sai 1997.

Inda iyayenmu mata suka fi kasa kunne shi ne zancen 'ya'yanmu da ke waje. Idan fasfo ya ɓace, a kai wa ofishin jakadancin Gana rahoton 'yan sanda da hotuna da wata shaidar zama ɗan Gana, sai a ba da takardar komawa gida kawai. Abin da ke jawo jinkiri shi ne rashin shaidar, musamman ga 'yan aikatau da maigida ya riƙe musu fasfo. Don haka kafin yarinya ta hau jirgi, a ɗauki hoton shafin fasfonta a ajiye a wayar wani a gida. Wanda aka kama kuwa, yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba shi 'yancin a sanar da ofishin jakadancinsa, amma sai ya buɗe baki ya nema. Jami'i zai ziyarce shi, ya taimaka wajen neman lauya, sai dai ba shi da ikon buɗe kurkuku. Wannan bai yi wa wasu daɗi ba, amma gara da Baba ya faɗa.

Muna godiya ga Malam Liman da ya buɗe da addu'a, da Hajiyoyinmu da suka kawo waakye (shinkafa da wake) da sobolo (zoɓo), da samarin da suka kafa rumfa. Waɗanda ba su samu kujera ba, a gafarce mu. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.