A.P. yana yawon neman waƙa, Sara tana rerawa

Duk mai jin kiɗan country na Amurka ya san Johnny Cash da matarsa June Carter, amma ni auren da ya fi ɗaukar min hankali na baffan June ne, A.P. Carter, da matarsa Sara. Sun yi aure a 1915 a wani ƙauye cikin duwatsun jihar Virginia, shi lokacin tallan dashen itatuwa yake yi.

A ƙarshen watan Yulin 1927 wani Ralph Peer na kamfanin faifai na Victor ya zo garin Bristol yana neman mawaƙan ƙauye, sai A.P. ya kwashi Sara da Maybelle, ƴar uwar Sara kuma matar ƙaninsa Ezra, ga ta da tsohon ciki, suka je aka ɗauki muryarsu a faifai a farkon watan Agusta. Dala 50 aka biya su duk waƙa ɗaya. A wannan zaman ne aka ɗauki shahararren mawaƙi Jimmie Rodgers ma, shi ya sa ake cewa nan country ta samo tushe a kasuwa.

To ga yadda suka raba aikin. A.P. ba wani gwanin kiɗa ba ne, wani lokacin ma yana cikin amshi sai ya yi shiru abinsa, amma wajen farautar waƙa babu kamarsa, zai bar gida makonni yana bin ƙauyuka yana sauraron tsofaffi da waƙoƙin coci, tare da wani baƙar fata mai jita, Lesley Riddle, shi Riddle ya haddace karin, A.P. ya rubuta baitocin. In sun dawo Sara ce ke rerawa da muryar nan tata mai kauri ba kwalliya, Maybelle kuma ta kaɗa jita da salonta na fitar da karin waƙa da babban yatsa, salon da masu jita ke koya har yau. Sunan A.P. ne dai ke hawa kan takardar mallaka, kuma gaskiya wannan bai min daɗi ba, don Riddle ya yi wahala ba kaɗan ba.

Yawon nan shi ya ci auren. Mace ita kaɗai da yara uku da aikin gona, miji bai nan, ai dole. Suka rabu a kotu a 1936, a 1939 Sara ta auri Coy Bayes, ɗan uwan A.P. ɗin fa! Duk da haka suka ci gaba da tsayawa gaban makirfo ɗaya, har a gidan rediyon XERA da ke Meziko daf da iyakar Texas, mai ƙarfin da ake kamawa kusan ko'ina a Amurka. Johnny Cash yana yaro a Arkansas ta nan yake jin su, daga baya ya auri June, ƴar Maybelle, a 1968. Mawaƙin gargajiya Woody Guthrie kuwa karin waƙoƙinsu ya riƙa ara yana ɗora baitocinsa a kai, shahararren mawaƙi Bob Dylan kuma wajen Guthrie ya sha.

Waƙoƙi wajen 300 suka bari. A.P. ya koma ƙauyensu ya buɗe kanti, ya rasu a 1960, sai a 1970 aka saka su ukun a Country Music Hall of Fame, zauren karrama gwanayen kiɗan country.