Wasan Taubasai da Na Shiga Ba da Gayyata Ba

Takalma nake sarowa daga Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong a ƙasar Sin, garin da mu 'yan kasuwa muke kira Gwanzu. A farkon 2017 ina gida Kano, domin sabuwar shekarar Sinawa ta faɗo ranar 28 ga Janairu, kuma a irin wannan lokaci masana'antu da shaguna a rufe suke, kowa ya tafi garinsu. Sai zauren WeChat da muke ciki da masu kawo mana kaya ya cika da hotuna: ƙatuwar tukunya a kan wuta, ga wani ɗan mutum a ciki yana zare ido, a ƙasa an yi rubutun Sinanci. Kowa sai tura alamar dariya yake. Na tura wa tafintana, wani yaro ɗan Kazaure da ke karatu a can, na ce ƙanena, me ake wa dariya haka? Ya ce Alhaji, abin da ake yayi ke nan yanzu a intanet ɗinsu, wai mutanen Guangdong suna cin mutanen Fujian.

Tushen abin tsohon zance ne. Sauran Sinawa sun daɗe suna cewa mutumin Guangdong yana cin duk mai ƙafa huɗu in ba tebur ba, da duk mai tashi sama in ba jirgi ba. Matasa suka ga to in haka ne, me zai hana a kai maganar ƙarshe, a ce har maƙwabcinsa ma bai tsira ba. Fujian kuwa ita ce lardin da ke manne da Guangdong ta gabas. A zaurenmu wani ya rubuta cewa ɗan bakin teku ba ya buƙatar gishiri, wani ya ce na kan dutse ya fi son a daɗe ana dafa shi. 'Yan Fujian ɗin da kansu suka fi kowa turo hotunan.

Nan take na gane abin, ko in ce na zaci na gane shi. Ai wasan Bakano da Bazazzagi ne, wasan Bafillace da Babarbare. Na girma ina jin ana faɗa wa juna maganar da in bare ne ya faɗa sai an raba faɗa, amma a ƙare da dariya da musabaha.

Da na koma a watan Afrilu, lokacin baje kolin Canton da ake yi sau biyu a shekara tun 1957, sai na gwada. Babban abokin cinikina mutumin Jinjiang ne a Fujian, garin da ya yi suna wajen ƙera takalman wasanni. Na shiga shagonsa na kama hannunsa ina dubawa, na sa tafinta ya ce masa na zo in ga ko an bar mini ragowarsa. Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce shi ɗan "Hujian" ne, ƙashi ya yi masa yawa, ba mai iya tauna shi. Wannan "Hujian" ma wata tsokanar ce: da yawa daga mutanen Fujian sukan mai da harafin f ya zama h in suna magana da Sinancin gwamnati. Abin ya taɓa mini zuciya, domin mahaifiyata Bakatsiniya ce, har ta koma ga Allah "tahi" take cewa, "hwara" take cewa, kuma a kan haka maƙwabtanmu Kanawa suke tsokanar ta. Na ba shi labari. Ranar ya buɗe wani ɗan ƙunshin ganyen Tieguanyin na gundumar Anxi, ya dafa mana a 'yan ƙananan kofuna da ba su wuce kurɓi biyu ba, muka yi ciniki cikin daɗin rai.

Wannan nasarar ce ta yaudare ni.

Akwai wani dattijo ɗan asalin Gwanzu da nake ajiye kaya a sitonsa kafin a loda kwantena. Baba nake ce masa, shi kuma ya koyi ce mini Alhaji daga bakin yaran da ke ɗaukar kaya. Wata safiya ya gayyace ni shan shayin safe, abin da suke kira yam ca, tare da matarsa da jikarsa 'yar shekara tara. Ya san ni Musulmi ne, ya san yawancin 'yan ƙananan abincin da ake kawowa a kwandunan gora akwai alade a ciki, don haka tun kafin mu zauna ya yi magana da masu wurin, aka turara mana kifi ɗanye shar da citta da ganyen albasa, aka kawo ganye da faten shinkafa fari. Da hannunsa ya ɗauraye mini kofi da tsinken cin abinci da ruwan shayi mai zafi, kamar yadda suke yi. Ni kuwa ina so in nuna na san gari, sai na kawo maganar tebur da jirgi, na ɗora da tambaya: tsakanin mage da ɗan Fujian, wanne ya fi daɗi?

Tafinta ya dube ni kafin ya fassara. Da na fahimci wannan kallo da na ce ya bari. Ya fassara. Matar ta sunkuyar da kai. Yarinyar ta kalli kakanta tana jiran ta ga abin da zai ce. Baba ya ajiye butar shayi a hankali, ya ce shekararsa sittin da wani abu bai taɓa sa naman mage a baki ba. Sannan ya ce a 2003 ɗansa, uban wannan yarinya, yana karatu a arewacin ƙasar, aka daina zama kusa da shi a wurin cin abinci, ana ce masa ku ne kuka ci cuta kuka kawo mana.

Cutar SARS yake nufi. A Foshan, maƙwabciyar Gwanzu, aka fara ganin ta a Nuwamban 2002, aka kuma alaƙanta ta da kasuwannin naman daji, har a Janairun 2004 hukumomin lardin suka sa aka kashe dubban tunkun juda. Wato maganar da na ɗauka wasa ce tana da tabo a ƙarƙashinta, kuma ni na sa yatsa a kan tabon a gaban jikarsa.

Na daɗe ina juya abin a raina. Ba ƙarya ba ce zalla, akwai gidajen da ake sayar da miyar maciji a Guangdong, na gan su da idona. Amma lardi ne mai mutum fiye da miliyan 126 a ƙidayar 2020, kuma abin da na ga talakansa na ci kullum shi ne shinkafa, kifi, kaza, ganye, da romon da ake bari a wuta awa uku ko huɗu. Gwanintarsu ita ce a bar abu da ɗanɗanonsa, ba a kashe shi da yaji ba. Su ma 'yan Fujian ɗin da ake nunawa a tukunya suna da wani abinci a Quanzhou da Xiamen da ake yi da tsutsar teku, a dafa ta a bar romon ya daskare. Mu ma nan muna cin fara da yaji muna lashe yatsa, kuma ba ma son baƙo ya mai da ita sunanmu.

Abin da ban lura da shi ba tun farko shi ne mutanen Guangdong da na Fujian kusan tsara ne. Dukansu mutanen teku ne, 'yan kasuwa, waɗanda kakanninsu suka bazu a Malesiya da Singafo da Indunusiya. A gabashin Guangdong, yankin Chaozhou da Shantou, harshen da ake yi ya fi kusa da na kudancin Fujian fiye da na Gwanzu. Hatta sunan abin da muke sha sun raba shi tsakaninsu: "te" na bakin 'yan Fujian shi ya zama ti a wurin Turawa, "ca" kuwa, wanda Gwanzu da arewacin Sin suke faɗa, danginsa ne ya bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa ya iso mana a matsayin shayi. Sannan ɗan Fujian yana da abin ramawa. In aka ce za a cinye shi, sai ya ce ai dole, mutanen da ke sa yuan biyar ko goma a jar ambulan ta barka da shekara ina za su samu kuɗin nama? Kowa yana da sanda a hannu, shi ya sa ba mai jin zafi. Ni na shigo da sandar aro, na kuma doki wanda ba shi da abin da zai rama da shi a kaina. Da abokina ɗan Jinjiang na tsaya a gefen wanda ake tsokana ne, shi ya sa ta yi daɗi. Da Baba kuwa na tsaya a layin masu nuna shi da yatsa.

Bayan kwana biyu na koma sito da ƙunshin kilishin da na zo da shi daga gida. Na ce Baba, na yi kuskure, a yafe mini. Ya karɓa, ya gutsura, yaji ya sa shi tari, ya nemi ruwa. Bai ce komai a kan maganar ba, sai dai ya tambaye ni yadda ake shanya nama ya yi siriri haka.

A Afrilun 2020, lokacin korona, aka fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a Gwanzu, wasu suka kwana a titi. Ina Kano ina kallon bidiyon a waya, ina kiran tafintana ba dare ba rana. Shi an killace shi ne a ɗakinsa mako biyu. A muryarsa na ji irin abin da ɗan Baba ya ji a 2003: an daina ganin ka, ana ganin "irinku".

Sai a 2023 na sake taka Gwanzu. Muka haɗu mu huɗu a teburi ɗaya, da Baba, da abokina ɗan Jinjiang, da tafinta. Da aka kawo kifi, Baba ya dubi ɗan Jinjiang sama da ƙasa, ya ce wa mai kawo abinci a mayar da kifin, ga wanda ya fi shi ƙiba ya kawo kansa. Shi kuma ya ce a fara nuna masa ambulan ɗin bara tukuna, ya ga ko ta isa kuɗin citta. Na yi dariya har hawaye, ban ƙara ko kalma ba. Na ɗauki buta na zuba wa Baba shayi, ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, yadda mutanen garinsu ke cewa an gode.